Igiya Mai Sulke

Kaset ɗin ya shigo gidanmu na Filingue wata Lahadi, ranar kasuwa, naɗe cikin tsumman atamfa. Wata tsohuwa ce daga Damana ta kawo shi. Tun daga tasha take tambaya har aka nuna mata ƙofarmu. Ta zauna a tabarmar Inna tana haɗa Hausa da Zabarmanci, ta ce mijinta ya rasu da kaka, ana raba kayansa aka tarar da wannan a ƙasan akwatin ƙarfe, da ƴar takarda mai sunan mahaifinmu da na unguwarmu. Ta ce ta tuna mijin nata ya taɓa ci-rani tare da wani ɗan Filingue a Kano, daga baya suka wuce Ikko. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta tura shi ƙarƙashin cinyarta, ta shiga tambayar baƙuwar yadda damina ta kasance a wajensu.

Ɗan Filinguen nan yayana ne, ɗan farin Inna. Ina ajin ƙarshe na ƙaramar lakkol, wato firamare, ya bar gida, yanzu kuwa furfura ta ci rabin gemuna. Abin da ya fitar da shi, in ana ba da labari, ba ya kai a ce ya raba ɗa da gida. Wata shekara ya ga hadari yana haɗuwa ta gabas, ya kwashi irin geron gida ya je ya yi binne ba tare da ya shawarci Baba ba. Aka yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, sannan sama ta ɗauke kwana da kwanaki har tsiron ya ƙone. Baba mutum ne mai zafin baki. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce masa gidan da ba ya ciki ya fi albarka. Washegari Yaya ya shiga motar Yamai, ya bar hauyarsa jingine a jikin rumbu. Wasiƙa biyu muka samu a shekarun farko, daga nan shiru. Har Baba ya rasu bai sake ta da zancen ba.

Inna kuwa ko ta so ta tayar, babu hali. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane. In dole ta kama ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”, ta kau da kai. Na girma ina zaton ta manta da shi, don yaro ba ya gane kunya, sai ya ɗauka rashin kula ne.

A raina na zagi mamacin nan na Damana. Mutum ya karɓi saƙon ɗa zuwa ga uwarsa, ya zo da shi har gidansa, tafiyar da ba ta kai yini ba tsakaninsa da mu, ya jefa a akwati ya danne da kaya sama da shekara ashirin. Na faɗa wa Inna haka da baƙuwar ta tafi. Ta ce in bar wanda ya riga mu ya kwanta.

Sai ga shi babu abin da za mu saurara da shi. Duk unguwar an koma waya, rediyo mai kaset ya zama abin da ake ɗora kwano a kai. Na ce ta ba ni in kai Yamai a juye muryar cikin waya, ta ce kaset ɗin ya gama yawonsa, ba ya sake ƙetare ƙofar gidan nan. Don haka ni na tafi. Na samo na hannu wajen masu tsoffin kaya: na'urar kaset, da ampili mai ƙara sauti, da lasifika biyu. Na rungumo su a cinya tun daga Yamai, motar tana jijjiga ni ina jijjiga su. Na jera su a ɗakina, na ja lasifika ɗaya zuwa bakin ƙofa don Inna ta ji daga inuwar da take zama bayan la'asar.

Ina jona kuran, wato lantarki, tun kafin in danna komai, wani ƙugi ya tashi a lasifikan, mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka, kamar rumbun da zuma ta shiga. Na danna kaset. A cikin ƙugin nan muryar Yaya ta fito, muryar saurayi, ta wanda ya girme ni amma yanzu na haife shi. Ya yi sallama, ya gai da Inna, ya gai da gwaggonninmu ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ƙasa ta daɗe da rufewa. Bai gai da Baba ba. Harshensa ya juye. Inda mu za mu ce “mi”, shi “me” yake cewa, inda za mu ce “komo” ya ce “dawo”. Inna, wadda ta juya wa ƙofar baya tana tsince wake kamar ba da ita ake ba, ta yi ƴar dariya ta ce, “Ji shi, ya koma Bakano.”

Ya ba da labarin ruwan Ikko da cunkosonta, da aikin dakon da suke yi, da ɗakin da suke kwana su shida. Can wajen ƙarshe ya yi shiru, ya ja numfashi, ya sassauta murya. A nan ne ƙugin ya fi ƙarfinsa. Abin da ke tsallakowa kaɗan ne: “Inna… bana… dawowa gida… ki jira ni.” Daga nan sai ƙarar dannawa.

Hannun Inna ya tsaya a cikin waken. Ta ce, “Allah shi kawo ka lahiya.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Tun daga ranar, kusan kullum bayan la'asar sai ta ce, “Mushe, buɗe abin nan naka mu ji labaru.” Mushe take kirana in tana son tsokana, don aikina ke nan, koyarwa. Ba labaru take nufi ba, ni ma na sani. In an zo wurin nan sai ta amsa da addu'arta, kalma ba ta canzawa. Ta sa aka ciro hauyar Yaya daga bayan rumbu, gara ta cinye ƙotar, ta aika wa maƙeri ya sa sabuwa. Na kasa haƙuri na ce mata, Inna, banar da yake faɗa fa ta wuce tun Baba na da rai. Ta dube ni kamar ni ne ban da hankali.

“Kowace shekara, in ta zaka, sunanta bana,” in ji ta.

Abin da ta riƙe ke nan, kuma na gane nauyinsa. Ko hanya ce ta cinye shi, ko ciwo, ko yana can wani gari ya tsufa, ɗanta ya yi niyyar gida. Maganar ƙofar masallaci ba ta raba shi da ita ba. Ta ƙara kuzari a watannin nan, har fura ta koma damawa da kanta.

Da na bar abin haka, da ba ni da labarin bayarwa. Amma ni mutum ne mai ƙaƙale, halina ne, ba na ɓoyewa. Shekara da shekaru ina karanta wa ƴan lakkol dikte, wato shifta, ina sa jan biro a kan duk harafin da ya ɓace. Jimla mai rami ba ta barina in zauna lafiya. Tsakanin “bana” da “dawowa” akwai gurbi, tsakanin “gida” da “ki jira ni” akwai wani, ni kuma na ƙudurta cewa wata ne ko rana ya faɗa a ciki, ko sunan garin da zai biyo. Na ce wa kaina in na san wannan, wataƙila a sami bakin zaren nemansa. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ƙugin ne kawai yake ba ni haushi, ina ganin ya raina ni a cikin ɗakina.

Akwai wani mai gyaran rediyo a kasuwa, sa'ana ne, tare muka yi lakkol kafin ya gudu. Na je rumfarsa na kwatanta masa. Ya tambaye ni ko ƙugin yana nan ko da kaset ba ya juyawa, na ce yana nan. Ya ce to ba a cikin kaset yake ba, gidana ne ke ƙugi. Ya tambayi abin da ke jone kusa, na lissafa masa fanka, da abin cajin waya, da firjin maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da ampilina. Ya tambayi yadda na bi da wayoyin a baya, na ce na tattara su duka na ɗaure da tsumma don kada su yi yamutsi. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce tsabtata ce ta kashe ni, igiyar kuran ba ta kwana gado ɗaya da igiyar sauti.

Na tambaye shi ko canza igiyar kuran zai taimaka, don na taɓa jin haka a Yamai. Ya jawo guda biyu daga kwali ya shimfiɗa a kan tebur. Ɗaya baƙa ce siririya, irin wadda nake da ita. Ɗaya toka-toka, mai kauri, ba ta son lanƙwasa. Ya ɗauko wani guntun irinta da ya yanke ya nuna mini cikinta: ƙarƙashin robar akwai saƙar ƙarfe mai laushi da ta lulluɓe wayoyin kewaye.

“Wagga ta kowa da kowa ta,” ya ce. “Wagga ko bilinde ta, sulke gare ta. Hayaniyar kuran ba ta hita, ta waje ba ta shiga. Amma in sulken bai taɓa ƙasa ba, nauyi kaɗai ka saye.”

Ya ce shi a ganinsa, don rediyon gida, baƙar ta isa. In je in raba wayoyin, in janye ampilin daga bangon firji, in ga abin da zai ragu. Ya ce yawancin masu sayen mai sulke kauri suke saye, su koma gida su rantse sauti ya gyaru don kada a ce an cuce su. Kuma wuraren jona kuran na gidajenmu duk ido biyu ne a bango, babu na ukun da ke kaiwa ƙasa, sai an yi aiki. Ya tambaye ni wane irin kiɗa ne wannan da ƙugi ya hana ni ji. Na ce ba kiɗa ba ne, kalma biyu nake nema. Ya ɗaga kafaɗa. Na ce ya ba ni mai sulken, kuma ya zo ya yi aikin.

Ya zo ranar Talata da hantsi. Ya canza wurin jonawar bango ya sa mai ido uku, ya ja waya ta taga zuwa bayan ɗaki. Muka haƙa rami, muka kafa sandar ƙarfe, ya sa na kawo gawayi da gishiri muka zuba, muka kwarara ruwa, ya ce ƙasarmu rairayi ce, busasshiya, sai an jiƙa ta take karɓa. Inna na zaune tana kallonmu. Da ta ji ana ta cewa bilinde, ga gawayi ga gishiri ga ƙarfe ana binnewa a bayan ɗaki, sai ta ce ashe Mushe ya bar alli ya koma bokanci. Maƙwabciyar ma ta leƙo ta katanga tana tambaya ko maganin ƙarfe muke wa gidan, don a wajenmu in an ce mutum bilinde ne, to wuƙa ba ta cinsa. Aka yi dariya. Ita ce dariyar ƙarshe da na tuna an yi a kan kaset ɗin.

Mai gyara ya raba wayoyin, ya matsar da ampilin zuwa ɗaya bangon, ya jona sabuwar igiya ya kunna. Na kasa kunne ban ji komai ba, har na zaci bai kama ba, sai na ga ƴar fitilar tana ci. Har yau ban san wanne ne ya yi aikin ba, sulken ne, ko ƙarfen da muka kafa, ko raba wayoyin. Na tambaye shi, ya ce shi ma bai sani ba, tunda na ƙi bari a gwada ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke hannu ya tafi.

Inna ta fita gaisuwar rasuwa a unguwar gaba. Na rage sauti, na sa kaset, na tura shi gaba zuwa wajen ƙarshe, na zauna da biro da takarda kamar mai shirin dikte. Muryar Yaya ta fito tas. Har tarin wani a bayansa na ji, da ƙahon mota can nesa. Ya yi shirun nan nasa, ya ja numfashi.

“Inna, ki yi haƙuri. Ba na dawowa gida. Kar ki jira ni.”

Na mayar na sake ji, sau uku. Babu wata, babu rana, babu sunan gari. Gurbin farko, na bayan “bana”, ba komai a cikinsa sai jan murya. A na biyun “kar” ce kawai, ƴar guntuwar kalma da ƙugi ya daɗe yana zaune a kanta. Mu a nan Kurfai, ƙasar Filingue, “ba ni komowa” muke cewa. Da da harshen gida ya faɗa, ko cikin tsawa Inna za ta gane. Amma ya faɗa da harshen da ya koyo a can, “ba na”, kunnen da bai saba ba kuwa, in ya ji wannan cikin ƙugi, “bana” ta shekara zai ji. Ni da nake tutiyar gyaran harshe, ni ma shekara na ji.

Na ajiye biron. A lokacin na tuna mutumin Damana da zagin da na yi masa. Yana ɗakin aka ɗauki muryar, wataƙila ma shi ne mai tarin. Ya san abin da ke ciki. Ya zo har gida, ya auna, ya ga ba zai iya miƙa wa uwa wannan ba, kuma ba zai iya jefar da amana ba, sai ya danne da kaya. Ya fi ni hankali nesa ba kusa ba. Na roƙa masa gafara, na roƙi tasa.

Na cire mai sulken na mayar da baƙar igiya, na tura ampilin kusa da bangon firji, na sake tattara wayoyin na ɗaure. Ƙugi ya dawo. Ban taɓa jin daɗin wani sauti kamar yadda na ji nasa a ranar ba, kuma ban taɓa jin kunyar kaina haka ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, na ce a raina, saura in iya ƙarya.

Ban iya ba. Bayan la'asar Inna ta zauna a inuwarta da faifan wake ta ce in buɗe labaru. Ina kunnawa ta ɗago kai. Ta ce ina bokancin da aka yi da hantsi. Na ce igiyar ba ta yi ba, gobe zan mayar wa mai gyara. Ta ce ai tana nan aka kunna, ta ji shiru da kunnenta kafin ta fita. Na ce daga baya ta lalace. Ta dube ni, irin kallon da take mini tun ina satar ƙuli-ƙuli a ɗakinta, ta ga igiyar a kan gado, ta ga takardar da ban rubuta komai a kai ba.

“Ka sha wahala, ka yi gina cikin rana,” ta ce. “Sa ta mu jiya.”

Na so in ce a'a. Ban taɓa ce mata a'a ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na kwance tsumman, na janye ampilin, na jona. Na sa kaset daga farko, ina fatan kuran ya ɗauke kamar yadda ya saba. Ranar bai ɗauke ba. Yaya ya yi sallama, ya gai da matattu da rayayyu, ya yi labarin ruwan Ikko. Inna ta ce yau kam kamar yana cikin ɗakin. Sannan aka zo wurin.

Ba ta motsa ba. Kaset ya ƙare ya danna kansa. Akuya ta zo ta sa baki a faifan waken, ba ta kore ta ba, ni na taso na kora. Ta ce in maimaita ƙarshen. Na maimaita. Ta saurara da kai a sunkuye, kamar mai karɓar saƙon da za ta kai wa wani. Sai na ji ta kira sunansa, a hankali, sau ɗaya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Da ta ɗago ta ce, “Igiyag ga taka ta iya magana ƙwarai. Mai da ta dauri.”

Na mayar da ta dā. Ban ce ta yafe mini ba, ita ma ba ta ce na yi laifi ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Damina biyu ta ƙara a duniya. Ba ta daina cewa in buɗe labaru ba, sai dai ya koma jefi-jefi. Takan zauna cikin ƙugin ta ji gaisuwar, ta ji labarin dako da ɗakin mutum shida, wani lokaci har ta yi murmushi a wurin “me”. Amma da Yaya ya yi shirun nan ya ja numfashi, sai ta tuna akwai abin da ta bari a wuta, ko ta ce akuya ta shiga rumbu, ta tashi. Addu'ar nan ban sake jin ta ba. Da shuka ta zo, maƙwabcinmu ya zo aron hauya, ta nuna masa ta Yaya mai sabuwar ƙota ta ce ya riƙe, ba sai ya maido ba.

Mai sulken tana rataye a ƙusa bayan ƙofata. Mai gyara ya ce in kawo ya karɓa tunda ba na amfani da ita, na ce ya bari. Sandar ƙarfen ma tana nan a bayan ɗaki, na daina zuba mata ruwa. Wani lokaci bayan la'asar nakan sa kaset ɗin da baƙar igiya, in tura ampilin har ya jingina da bangon firji, in kunna fanka, in ƙara sauti. Ƙugin yana nan da kaurinsa kamar ranar farko. Amma in Yaya ya ja numfashin nan, duk yadda na yi, “kar” ɗin nake ji.